Idan yawu magani ne, me ya sa haƙoran ɗana ke ruɓewa a cikinsa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, ƙannen mijina biyu suna cikin wannan zauren, kuma maganar ta shafi Hajiyarsu.

Yarona shekararsa huɗu. Haƙoransa na gaba na sama guda huɗu sun fara da wani farin layi kamar alli a bakin dasashi, na ɗauka madara ce ta maƙale. Daga baya wurin ya koma ruwan ƙasa, yanzu biyu sun guntule kamar ɓera ya gwaguya. Na ƙasa kuwa fes suke, ko ɗigo babu. Shekaranjiya na ba shi ruwan firij, yana kurɓa ya saki kofin ya dafe baki yana kuka.

Da na nuna wa Hajiya sai ta ce kar in ɗaga hankalina, na madara ne za su zube, kuma baki shi ke wanke kansa, yawu ya fi kowane makilin. Ita Hajiya ta yarda da yawu ƙwarai. Kullum da asuba kafin ta kuskure baki sai ta lakato yawunta ta shafa wa yaron a kan makeron da ya fito masa a ƙeya, wai yawun safe da ba a yi magana da shi ba dafi ne ga ƙurji. Wata biyu ke nan, makeron sai faɗi yake yi. Ƙanwarsa kuma 'yar wata takwas, in ana cin nama sai Hajiya ta tauna ta sa mata a baki. Ba na son musu da ita. Mace ce mai kirki, ita ta yi min jego duka biyun, yaran ma ba su da kamarta.

Na taɓa jin wani likita a rediyo yana cewa lallai akwai abin da ke kashe ƙwayoyin cuta a cikin yawu. To nan kaina ya ɗaure. Haƙori ai dare da rana a jiƙe yake cikin yawu, ya aka yi shi ne mai ruɓewa? Ga maigidan ma da turmi ɗaya da ke hana shi barci, yana ta fama da kanumfari da kafson kyamis. Masu sani ku taimaka min. In bar Hajiya ta ci gaba ko in yi magana? Haƙoran yaron kuma a zuba musu ido su zube da kansu?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Kafin masana su iso, tambaya ɗaya zan miki: da me yake kwana a baki? Na ga irin wannan a wajen Hassan ɗina, kuma fida ce ta ja mana.

Gwaggo:
'Yata, ki bi tsohuwa a hankali. Mu da yawun safe aka raine mu. Ki dubi akuya in ta haihu, ko kare in ya ji rauni, lasa suke yi har ya kame, wa ya kai su asibiti? Ki kuma lura, in kin ciji harshenki kwana biyu ya haɗe, amma yankan wuƙa a yatsa sai ya kwashe mako. Ban ce kar a je asibiti ba, amma mutanen da ba wawaye ba ne.

Baban Walid:
Ni gargaɗi na zo yi wa maigidanki, kar zafin ciwo ya kai shi inda ya kai ni. Shekarun baya turmina na hagu ya tasa ni gaba, wani abokina ya ja ni wurin mai cire tsutsar haƙori a bayan tasha. Mutumin ya barbaɗa wasu ƙananan iri a kan garwashi, ya kifa mazurari, ya ce in hangame baki hayaƙin ya shiga. Can ya sa na tofar a kwanon ruwa, sai ga wasu farare sirara guda uku a saman ruwan. Ya ce ka gan su nan, su ke cin ka. Na biya har da tukuici. Daren ranar na ɗan runtsa, washegari kuncina ya tashi kamar na cusa lemo. Da aka cire haƙorin a asibiti na roƙi likitan ya nuna min gidan tsutsar. Ya juya min shi a kan auduga, baƙin kogo ne kawai da wari. Ya yi dariya ya ce abin da na gani a ruwa cikin irin ne da zafin wuta ya fasa.

Anti Mai Haƙori:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Aikina ke nan, bakin mutane nake leƙawa daga safe har azahar, kuma amsar tambayarki tana cikin abin da kika rubuta da hannunki: na sama sun ci, na ƙasa fes. Ki tsaya gaban madubi ki ɗaga harshenki, za ki ga wasu 'yan tsiro biyu a ƙarƙashinsa. Ta nan mafi yawan yawu ke ɓuɓɓugowa in mutum ba ya cin komai. Haƙoran gaba na ƙasa a bakin rijiya suke zaune, ga harshe ya lulluɓe su lokacin da yaro ke tsotso. Na sama su ne a kan tudu. Duk abin da ya fito daga fida a kansu yake sauka, yawu kuma bai cika isa wurin ba. Ke nan likitan rediyo bai yi ƙarya ba, bakin yaronki ma shaida ne. Gwaggo, ranki ya daɗe, ke ma kina da taki gaskiyar, raunin cikin baki ya fi na fata saurin haɗewa, saboda yawan jinin da ke gudana a wurin da kuma yawu.

Baligi yana fitar da yawu tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a yini. Kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne zalla. A ɗan ragowar ne ake samun laisozayim mai fasa bangon wasu bakteriya, da laktoferin mai ƙwace sinadarin ƙarfen da suke buƙata don su hayayyafa, da histatin mai hana farin fumfunar baki yaɗuwa, da wasu sojojin garkuwar jiki masu hana ƙwayoyi mannewa. Amma in za ki tambaye ni, hidimar da ya fi yi wa haƙori ita ce wanke ragowar abinci, da kashe kaifin tsami, da mayar wa ɓawon haƙori kalsiyam da fosfet ɗin da suka zaizaye.

Sai dai baki ba fanko ba ne. An gano kusan iri 700 na bakteriya da ke iya zama a bakin ɗan Adam. Yawancinsu ba su da laifi, wasu ma tare guri suke yi don miyagu su rasa masauki. Aikin yawu a kansu irin na makiyayi ne, ya tsare garke kada ya faɗa gona. Ba ya yanka su duka, ba ma zai iya ba.

Gobe da safe ki kankari gindin haƙorinki da farce. Wannan farin abu mai danƙo da zai fito, ba ragowar tuwo ba ne, gari ne guda na bakteriya da suka gina wa kansu katanga. Yawu ta samansa yake bi ya wuce. A cikinsu akwai wata da muke kira mutans, ita da 'yan'uwanta suga ne abincinsu. Yana shiga baki, cikin 'yan mintuna sun mayar da shi asid, a ƙarƙashin katangar, a jikin haƙori. Akwai ma'aunin tsami da muke amfani da shi. Lafiyayyen baki yana wajen 7, in ya sauka ƙasa da 5.5 ɓawon haƙori ya fara narkewa. Yawu yana buƙatar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya dawo da komai daidai, sannan ya fara gyara abin da ya lalace. Farin layin allin nan da kika fara gani, lokacin ne ɓarna ta rinjayi gyara, kuma a wannan matakin ana iya ceto haƙori ba tare da an taɓa shi da inji ba. In ya riga ya zama rami kuwa, yawun duniya ba zai cike shi ba.

Shi ya sa ba na tambayar iyaye yawan zaƙin da yaro ke sha, sau nawa nake tambaya. Yaron da ya cinye gullisuwa biyar a zama ɗaya bayan tuwon rana ya fi tsira a kan wanda ake ba guda-guda duk bayan awa, don shi na biyun bakinsa bai taɓa fita daga tsami ba. Mafi muni kuma dare. Da mutum ya yi barci rijiyar yawu ta kusa ƙafewa. Duk zaƙin da ya kwana a baki ya samu gida ba maigadi. Don haka ni ma ina bayan Uwar Biyu: da me yake kwana?

Mai tambaya:
Innalillahi. Wallahi kun kama ni. Tun da na yaye shi ba ya barci sai da shayi da madara a fida, cokali biyu na suga nake sa masa, in ya farka cikin dare in ƙara miƙa masa ragowar. Buroshi kuma da safe kawai, shi ma da kansa yake yi, rabi tsotse makilin ɗin yake. Na zo kawo ƙarar Hajiya ashe ni ce da laifin.

Uwar Biyu:
Kar ki zargi kanki, kusan dukkanmu mun yi. Wa ke son kukan dare ga aiki da safe?

Anti Mai Haƙori:
Ba laifi muke nema ba 'yar'uwa, in ɓera da sata daddawa ma da wari, kowa da nasa kason. Maganar a zuba ido su zube ce dai ban yarda da ita ba. Na gaban sai wajen shekara shida zuwa bakwai za su fita, turamen madara kuwa suna kai wa goma zuwa sha biyu. Shekara biyu ko uku yaro yana tauna da gefe ɗaya yana gudun ruwan sanyi ba ƙaramin abu ba ne. In ruɓar ta kai jijiya sai mugunya ta taru a saiwa, kuma daidai ƙarƙashin saiwar ne haƙorin girma yake kwance yana ginuwa. Sannan wajen shekara shida turmin girma na farko zai fito can baya, ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye da yawa ma ɗauka suke na madara ne. In ya fito cikin bakin da mutans ta riga ta yi sansani, shi za ta fara ci, kuma wannan ba shi da magaji. Ki kai shi sashen haƙori cikin makon nan. Wanda za a yi wa ciko a yi, wanda za a shafa wa fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, a shafa.

A gida kuma ke za ki riƙa goge masa, har sai ya kai shekara bakwai ko takwas. Ki zauna ki kwantar da kansa a cinyarki kamar za ki yi masa kitso, ki ɗaga leɓen sama da yatsa, ki bi bakin dasashi da buroshi mai laushi. Sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci, bayansa ba abin da zai shiga baki sai ruwa. Ki duba jikin kwalin makilin, ki ga an rubuta 1000 ko 1450 da haruffan ppm, wato yawan fulorayid ɗin da ke ciki. Yaron makilin gwargwadon ƙwayar wake ya ishe shi, ƙanwar in haƙori ya fito gwargwadon ƙwayar shinkafa. Ya tofar da kumfar amma kar ya kuskure da ruwa, a bar ɗan abin da ya saura ya yi aiki.

Taunar da Hajiya ke yi wa jaririya, ba a haifar yaro da mutans a baki, daga bakin masu rainonsa yake samu, ta cokali ɗaya, ta taunawa, ta ɗanɗana koko a miƙa masa. Mai kogon haƙori ko jinin dasashi ya fi yawan abin da zai ba shi, ga kurajen zazzaɓi na leɓe su ma ta yawu suke bi. Gara a daka naman ko a dafa shi ligif. Amma in faɗi gaskiya, da za a ce in zaɓi ɗaya a daina yau a gidanku, fidar dare zan zaɓa.

Nas Mai Dare:
Ni ta ɓangaren rauni zan shigo, don Gwaggo ta ambaci kare. Wani dare aka kawo mana saurayi hannunsa na dama ya kumbura kamar burodi, yatsun ba sa lanƙwasuwa, yana rawar ɗari. Ya ce ƙusa ce. Da likita ya matsa masa sai ya ce faɗa suka yi a wurin kallon ƙwallo, ya naushi wani a baki, haƙori ya ɗan karce shi a gaɓar yatsa. Ciwon bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, kwana uku kacal. Sai da aka shiga da shi tiyata aka buɗe gaɓar aka wanke, ya yi kwanaki ana masa allurai ta jijiya. A ɗakin gaggawa ba ma wasa da cizon mutum ko kaɗan. Ƙwayoyin da ke zaune lafiya a baki, in suka samu kansu a ƙarƙashin fata sai su zama wasu iri. Dabba kuma tana lasa ne don ba ta da sabulu da ruwa, kuma ta yawun nan ne haukan kare ke shiga jikin mutum.

Yawun safe kuwa shi ya fi kowanne yawan bakteriya, tun da sun kwana suna hayayyafa ba mai wanke su, warin bakin safe ma daga nan yake. Makero irin fumfuna ne, kuma in a fatar kai yake ko man shafawa na asibiti ba ya isa shi kaɗai, sai an haɗa da na sha na makonni. A kai shi a duba. A ware masa mataji da hula da tawul, a kuma sanar da mai askinsa.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Kada a haɗa wannan da tofi, don na san wani zai kawo. Tofi tare da addu'a ya tabbata, ba mai musunsa, amma albarkar tana cikin ambaton Allah, kuma an umarce mu da neman magani. Ga hujjar da za ki ba maigidanki ya kai wa mahaifiyarsa: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. In ya tashi cikin dare ma da asuwaki yake farawa. Da baki yana wanke kansa da ba a kwaɗaitar da mu haka ba.

Ɗalibin Kimiyya:
Anti ta gama magana, ni ɗan tarihi zan ƙara don yana ba ni sha'awa. Laisozayim ɗin nan Alezanda Filemin ne ya gano shi a Landan, ya wallafa a 1922, shekara shida kafin ya gano fenisilin. Mura yake yi, ya sa majinarsa a farantin da yake kiwon bakteriya, ya ga ta narkar da wasu. Ya same shi a hawaye da yawu da farin ƙwai. Amma shi da kansa ya lura cewa ƙwayoyin da suka fi illa ba su cika jin sa ba, shi ya sa bai zama maganin asibiti ba. Tun kafin shi, a 1683, wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Liwenhuk, ya kankaro farar dauɗar haƙorinsa ya duba a gilashin da ya ƙera, ya ga halittu suna iyo. Ya kuskure baki da ruwan khal mai ƙarfi ya sake dubawa, sai ya ga na saman kawai suka mutu, na ciki suna nan daram. Fiye da shekara 300 ke nan, kuma har yau shi ne dalilin da ya sa ruwan kuskure baki, komai tsadarsa, ba ya maye gurbin gogewa.

Maman Ilham:
To Anti ya batun asuwaki da gawayi? Kakata har ta rasu da haƙoranta 32, ba ta taɓa riƙe buroshi ba.

Anti Mai Haƙori:
Allah ya jiƙanta. Ki tambaya sau nawa take shan lemon kwalba a shekara. Asuwaki yana aiki sosai in an bi haƙori ɗaya-ɗaya, ciki da waje, ba a rataya shi a baki ana hira ba. Fulorayid ne ba ya bayarwa yadda ake buƙata, don haka a haɗa biyun, asuwaki da rana, buroshi safe da dare. Gawayi da toka kuwa kankare ɓawon suke yi, farin na ɗan lokaci ne, ɓawon kuma ba ya sake tsirowa.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri in kawo cikas. Mu nan in an ce fulorayid gabanmu faɗuwa yake yi, saboda abin da munka gani a Tibiri, inda ruwan famfo mai yawan sinadarin ya ɓata haƙoran yara da yawa, wasu har ƙafafunsu sunka lanƙwashe. Yanzu kuma a ce mu sa ma yaro shi a baki da hannunmu?

Anti Mai Haƙori:
Tsoronka yana da tushe Malam, abin da ya faru a Tibiri gaskiya ne. Bambancin a yawa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Can yara sun yi shekaru suna shan ruwan da ya zarce haka nesa, kullum, lokacin da ƙashinsu ke ginuwa. Na makilin ɗan shafe ne a saman haƙori a tofar. Shi ya sa muke cewa ƙwayar wake, babba ya matsa da hannunsa, a kuma ɗora robar inda yaro ba zai kai ba. Irin tsotsar da yaron 'yar'uwarmu ke yi ita ce ba a so.

Na manta da maigidan mai tambaya. Yaya yake shan shayi, kuma yana shan wani magani kullum?

Mai tambaya:
Anti kamar kina gidanmu. A shagonsu butar shayin buzaye ba ta sauka daga kan gawayi, ƙaramin kofi bayan ƙaramin kofi har magariba. In sanyi ya shigo hancinsa toshewa yake, ya sha maganin mura mai sa barci ya kwana baki buɗe yana minshari. Kafson kuma ja da yalo ne.

Anti Mai Haƙori:
To kin ga an haɗa masa biyu, zaƙi yini guda, ga busasshen baki dare guda. Magungunan mura masu sa barci suna rage yawu, haka wasu na hawan jini da na damuwa, haka ciwon suga in bai daidaita ba. Duk wanda yawunsa ya ragu haƙoransa ba sa daɗewa, mun fi ganin haka ƙarara a wajen waɗanda aka gasa wa ciwon daji a wuya ko muƙamuƙi. Ya tara shayinsa ya sha bayan abinci, ya bi da ruwa, cingam marar suga ma yana tsinka yawu.

Haƙorin da ke zugi cikin dare ya hana barci, galibi ruɓa ta kai jijiya. Kanumfari yana kashe zafin na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ramin yana nan. Kafso ba ya cike kogo, kuma don Allah kar ja da yalo ya kusanci yaran, yana rina haƙorin da bai fito ba har abada. Kar ya danna asfirin a dasashi, ƙona wurin yake. Ya zo a duba, ko a kashe jijiyar a cike ko a cire. In kuwa kika ga kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko ya haura wajen ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara ga zazzaɓi, ko ƙarfe biyun dare ne ku tafi asibiti. Irin wannan kumburin yana toshe numfashi.

'Yar Sakkwato:
Naki yaron ba wannan ne ba, kar ki tsorata, amma tun da ana maganar ƙwayoyin baki bari iyaye su ji. Nan garinmu akwai asibiti guda na wata cuta da ake kira noma. Tana farawa da kumburin dasashi da jini da wari ga yaro ɗan shekara biyu zuwa shida wanda yunwa ta kama, sau da yawa bayan ƙyanda. Cikin kwanaki sai ta huda kunci. Ba wata baƙuwar ƙwaya ba ce daga daji, irin na cikin baki ne sunka samu jiki ba garkuwa. In an kai da wuri maganin kashe ƙwayoyi yana tsayar da ita. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Duk yaron da ya tashi daga ƙyanda a riƙa buɗa bakinshi ana dubawa.

Yaya Babba:
Ƙanwata, ilimi dai kin samu, saura siyasa. Kar ki kuskura ki ce wa suruka a waya aka ce. Ki sa ɗanta ya ɗauke ku ke da ita da yaron ku je asibitin tare, likita ya faɗa da bakinsa tana zaune. Ki fara da naki laifin na fida a gabanta, sai nata ya zo mata da sauƙi. Ki kuma ba ta wani aikin a madadin wanda za a karɓe, tsofaffi ba sa son a ce su koma gefe.

Mai tambaya:
Salam, na dawo da bayani, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun je ranar Talata har da Hajiya kamar yadda Yaya ta ce. Biyu an yi musu ciko, ɗaya an shafa masa magani, ɗayan an ce mu koma a ɗauki hoto don ana zargin ya taɓa jijiya. An rubuta masa na makero na sha. Hajiya ba ta ce uffan ba a can, amma a mota ta ce ita ma in ta yi asuwaki tana ganin jini, a yi mata kati. Shafa maganin makeron na bar mata, ita ke yi safe da yamma. Naman jaririya kuma ta sa an sayo mata ɗan ƙaramin turmi, ko da yake jiya na shigo na ga bakinta yana motsi yarinyar na kan cinyarta, na yi kamar ban gani ba. Maigida ya ce shi sai bayan ya dawo daga Legas zai je a duba nasa.

Matsalata yanzu fida. Dare uku ke nan ina ba shi ruwa zalla, yana jifa da ita yana ihu har maƙwabta sun aiko tambaya.

Uwar Biyu:
Kin yi masa yankan ƙauna ne shi ya sa. Ni rage sugan na riƙa yi rabin cokali duk bayan kwana biyu, ina ƙara ruwa a shayin, har ya zama ruwan ɗumi kawai, Hassan da kansa ya ce ba daɗi ya ajiye. Ki ciyar da shi ya ƙoshi kafin isha, ki goge masa, sannan ki miƙa wa Hajiya shi ta goya. A bayanta ba zai nemi fida ba.